Ciwon dajin kogon kunci: tiyata za a fara, ko kemo, ko gashi?

Sau da yawa da haƙori maganar take farawa. Turmin sama ya kama girgiɗi alhali bai ruɓe ba, a je a cire shi, ramin ya ƙi warkewa. Ko kuwa hanci ɗaya ya toshe wata da watanni, majina tana fita da jirwayen jini, a yi ta shan maganin mura. Wani kuma fatar kuncinsa da leɓensa na sama ne za su mutu, ya daina jin taɓi a wurin. Kafin kunci ya kumbura ko ido ya fara turowa waje, ciwon ya daɗe yana cin ƙashi a ɓoye.

Dalilin ɓoyewar yana cikin halittar wurin. A cikin ƙashin kowane kunci akwai kogo mai iska, shi ne mafi girma a kogunan da ke kewaye da hanci. Rufinsa shi ne daɓen kwarmin ido. Ƙasansa ganɗa ce da saiwoyin turamen sama. Bangonsa na ciki hanci ne, a bayansa kuma akwai tsokokin tauna da hanyar da ta nufi gindin ƙoƙon kai. Ƙari yana samun filin girma cikin wannan ɗaki ba wanda ya sani, sai ya fasa bango ya shiga makwabta. Shi ya sa akasarin masu wannan ciwo, har a ƙasashen da suka fi kowa asibitoci, suke isa gaban likita a mataki na uku ko na huɗu. A wannan mataki magani ɗaya tilo ba ya isa. Haɗawa ake yi: tiyata, gashi da hasken na'ura, da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. Abin da ake zaɓa a zahiri shi ne wanne zai fara, wanne zai biyo baya, kuma me za a rasa a kowace hanya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, hanyar da ta fi kyau a takarda ba lallai ita ce ta fi wa majinyacinka ba. Wadda ta fi ita ce wadda ta dace da nau'in ciwon da inda ya kai, kuma za a iya kai ta ƙarshe ba tare da yankewa a tsakiya ba.

Kafin gardamar magani

Akwai maganar da ta zauna a zukatan mutanenmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, ba a taɓa shi da wuƙa. Na san daga inda ta samo asali: mutane sun ga an yi wa wani aiki a makare, ciwon ya dawo, sai aka ɗora wa wuƙar laifi. Amma a wannan ciwo ƙin yarda a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji shi ne babban kuskure, domin ƙarin da ke fitowa a kogon kunci ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai tashi daga shimfiɗar cikin kogon, wanda likitoci suke kira sikwamos, kuma a kansa yawancin bayanin nan yake. Akwai adinoyid sistik, mai tafiya a hankali amma yana bin jijiyoyi kamar yaɗo har cikin kai, kemo kuma ba ya yi masa wani abin kirki. Akwai limfoma, wanda shi ba a yi masa babbar tiyata ko kaɗan, kemo ne maganinsa, wani lokaci da gashi. Irin limfomar da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro, yana narkewa da kemo cikin makonni. Wanda aka cire wa rabin muƙamuƙi a kan irin wannan an cuce shi. Akwai kuma kumburin da ba daji ba ne sam, kamar ƙarin da ke tashi daga saiwar haƙori. Ba mai bambance waɗannan da ido.

Ana ɗaukar naman ta cikin hanci da ɗan madubi, ko ta cikin baki idan ƙarin ya ɓullo ta nan. Sai hotuna biyu da kowanne yake da aikinsa: hoton CT yana nuna ƙashin da aka ci, na MRI yana raba ƙari da majinar da ta taru a bayansa, yana kuma nuna ko an shiga kitsen ido, jijiya, ko rigar ƙwaƙwalwa. Ana duba wuya don kaluluwa, ana duba ƙirji.

Tun 1933 wani likitan Suwidin mai suna Öhngren ya ja layi a tunani daga kusurwar ido ta wajen hanci zuwa kusurwar muƙamuƙin ƙasa. Ƙarin da ke gaba da ƙasan layin, wajen haƙora, ya fi sauƙin cirewa kuma ya fi kyakkyawan ƙarshe. Wanda ke sama da bayansa yana kusa da ido da gindin kai. Yau da harafi da lamba ake faɗin inda ƙarin ya kai. T1 bai ci ƙashi ba. T2 ya ci ƙashi, ya kai ganɗa ko hanci. T3 ya kai bangon baya, ko daɓen kwarmin ido, ko ƙarƙashin fata. T4a ya shiga gaban kwarmin ido, ko fatar kunci, ko ramin tsokokin tauna. T4b ya kai can ƙuryar kwarmin ido, ko rigar ƙwaƙwalwa, ko ƙwaƙwalwar kanta. Ka tambayi likita wannan harafi da lamba ka rubuta, domin duk zaɓin da ke ƙasa a kansa ya rataya.

Tiyata, sannan gashi

Wannan ita ce hanyar da aka fi dogara da ita a duniya idan ƙarin zai ciru gaba ɗaya. Girman aikin yana bin girman ciwon. Wani bangon hanci kawai za a cire, har ma ta cikin hanci ba tare da an tsaga fuska ba. Wani ɓangaren ƙasa ne, ganɗa da haƙoran wannan gefe. Wani kuwa ƙashin kuncin ne ɗungurungum, ta tsagar da take bin gefen hanci ta raba leɓen sama, wani lokaci ta bi ƙarƙashin ido. Tabon wannan tsaga yakan kwanta fiye da yadda mutane suke tsoro, tunda yana bin layukan fuska ne.

Ƙarfin wannan hanya a fili yake. An fitar da tarin ciwon, zafi da wari da zubar jini suna raguwa nan take. Sannan likitan ɗakin gwaji yana duba gefunan abin da aka ciro ya faɗi ko an yanka a nama mai lafiya ko an bar saura, ko ciwon yana bin jijiya. Wannan bayani ba wata hanyar da take ba da shi. Idan ciwon T1 ne, ko T2 da ya fita da gefuna masu tsabta, ana iya tsayawa a tiyatar a ci gaba da sa ido. Daga T3 zuwa sama kuwa gashi wajibi ne, haka ma adinoyid sistik kusan a kowane mataki, domin abin da ya fi kashe masu wannan ciwo shi ne dawowarsa a wurin da ya fara, ba bazuwa cikin jiki ba.

Gashin bayan tiyata yakan kasance Gray 60 zuwa 66, wato ma'aunin hasken da ake aunawa, ana ba da Gray 2 kowace rana, kwana biyar a mako, zama 30 zuwa 33. Makonni shida ke nan da ɗoriya. Ga wurin da nake so a tsaya: ya kamata a fara shi cikin makonni shida da yin tiyata, a kuma gama komai, daga ranar aiki zuwa zaman ƙarshe, cikin kwana ɗari ko kusa da haka. Ƙwayoyin da suka rage bayan aiki ba sa jira. Idan aka yi tiyata mai kyau a watan Muharram, aka tsaya neman kuɗi da layin na'ura har Rajab, an zubar da rabin amfanin aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a shiga ɗakin tiyata ya kamata likitan gashi ya ga majinyacin, a san cibiyar da za a je, a san inda za a sauka na wata biyu, a san daga ina kuɗin zai fito.

Abin da ake biya a wannan hanya ba kaɗan ba ne, kuma bai kamata a ɓoye wa majinyaci ba. Idan ganɗa ta tafi, baki da hanci sun zama ɗaki ɗaya: ruwa yana fitowa ta hanci, magana tana fita ta hanci. Hanyoyi biyu ake toshe wannan rami. Ta farko murfi ne na roba mai ɗauke da haƙora, wanda likitan haƙori yake ƙerawa, ana sawa ana cirewa a wanke. Ta biyu a ɗauko nama da jijiyoyin jininsa daga cinya ko ciki, ko ƙashi daga ƙauri ko allon kafaɗa, a dasa a haɗa jijiyoyin ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dashen yana rufe babban rami, yana tallafe ido kada ya faɗa ƙasa, ba a cire komai da dare. Amma aiki ne na awoyi masu yawa da yake buƙatar ƙwararru na musamman, kuma idan dashen ya samu matsala yana jinkirta gashi. Murfin roba ya fi araha, aikin ya fi gajarta, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: likita yana cire shi ya leƙa ramin da idonsa a kowace ziyara, ya ga ciwo idan ya fara dawowa. Ga ramin da bai kai rabin ganɗa ba, kuma akwai haƙoran da za su riƙe shi a ɗaya gefen, ni murfin nan ba na ganinsa a matsayin na talaka. Zaɓi ne mai hankali. Sai dai a auna bakin tun kafin aiki, a shiga ɗakin tiyata da murfin farko a hannu, don majinyaci ya farka ya iya haɗiya.

Yaushe ake ƙara kemo a kan gashin

Ba kowa ba. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2004, ɗaya na Turai ɗaya na Amurka, sun nuna cewa ƙara maganin sisplatin a lokacin gashin bayan tiyata yana amfani musamman ga mutum biyu: wanda aka samu ciwo a gefen yankan, da wanda ciwon ya fasa rigar kaluluwar wuya ya fito. An yi gwaje-gwajen ne a kan ciwon baki da maƙogwaro, likitoci suka ɗauko darasin suka kawo kogon kunci, tunda ciwon nan bai da yawan da za a tara dubban mutane a gwada.

Ana ba da sisplatin ko dai miligiram 100 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki duk mako uku, sau uku, ko 40 kowane mako. Wani gwaji na Japan da aka buga a 2022 ya nuna na mako-mako bai gaza ba bayan tiyata, kuma ya fi sauƙi a jiki. Maganin yana taɓa ƙoda, yana rage ji, yana sa amai. Ga mai ciwon ƙoda, ko tsoho mai rauni, ko wanda dama kunnensa ya yi nauyi, illar tana iya rinjayar amfanin. A ƙasar zafi irin tamu, inda mai gyambon baki yake kasa shan ruwa cikin bazara, maganar ƙoda ba ta wasa ba ce: a yi gwajinta kafin kowane zagaye, a guji magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, a kuma ajiye jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Maganar ido

Nan ne iyali suke rabuwa biyu, nan ne kuma majinyata da yawa suke tashi su bar asibiti ba su dawo ba. Da an ce za a cire ido, sai maganar ta mutu.

Da farko, ba duk ciwon da ya ci daɓen kwarmin ido ne yake cin idon ba. Tsakanin ƙashi da kitsen ido akwai wata riga mai tauri. Idan ciwon bai keta ta ba, ko ya tsaya a kanta, ana cire ƙashin da rigar a gyara daɓen a bar ido. Sai ya shiga kitse sosai, ko tsokokin da suke juya ido, ko ƙuryar kwarmin, sannan ake maganar kwashe shi. Idon da aka bari cikin ciwo ba a cece shi ba: zai turo, ya yi zafi, ya mutu, ciwon kuma ya bi ta bayansa zuwa kai.

To a tsakanin nan ne hanyar fara kemo take shigowa. Ana ba da zagaye biyu ko uku, tsakaninsu mako uku-uku, na magungunan sisplatin da dosetaksel, wani lokaci da na uku mai suna 5-FU, haɗin da gwaje-gwaje biyu na 2007 suka tabbatar a ciwon kai da wuya. Sai a sake hoto. Idan ƙarin ya ja baya sosai, ana iya yin tiyatar da ta bar ido a bi da gashi, ko a wuce kai tsaye zuwa gashi da kemo. Idan bai motsa ba, an san kemo ba zai cece shi ba, sai tiyata. Cibiyar MD Anderson da ke Houston ta daɗe tana bin wannan tsari, ta kuma ruwaito cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu sikwamos na hanci da kogunansa suna amsa maganin, waɗanda suka amsa kuma sun fi daɗewa. Wani gwajin Amurka da ya kwatanta fara kemo da fara tiyata, wanda aka gabatar da sakamakonsa a 2024, ya nuna an fi tsira da ido da gindin kai a ɓangaren da aka fara da kemo, sai dai an rufe shi da mutane kaɗan ƙwarai, don haka alama ce mai ƙarfafa gwiwa, ba hukunci ba.

Haɗarinta biyu ne. Na farko na jiki: haɗin magunguna ukun nan yana karya ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, zazzaɓi a mako na biyu yana iya kisa idan ba a kai asibiti cikin awoyi ba. Wanda ya rame, ko gidansa yake nesa da asibiti, sai an yi hattara. Na biyu ya fi ba ni tsoro, domin na zuciya ne. Kumburi ya sace, ido ya koma, hanci ya buɗe, sai a ce Alhamdu lillahi an warke, a koma gida. Kemo shi kaɗai ba ya warkar da sikwamos na kogon kunci. Share fage ne kawai. Wanda ya tsaya a nan, ciwon zai dawo cikin watanni, sau da yawa a matakin da ba ya ciruwa. Duk wanda zai bi wannan hanya, ya ɗaura niyyar kashi na biyu tun ranar farko.

Gashi da kemo ba tare da tiyata ba

Ga T4b, ko wanda zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki dogon aiki ba, ko wanda ya ƙi tiyata bayan an yi masa cikakken bayani, wannan ce hanya. Gray 70 a zama 35, makonni bakwai, da sisplatin a tare. Fuska tana nan, ganɗa tana nan. Akwai waɗanda suke warkewa da ita.

Amma a faɗi gaskiya: a bayanan da aka tara daga cibiyoyi daban-daban, waɗanda aka yi wa tiyata da gashi sun fi samun tsira daga dawowar ciwon a kan waɗanda aka yi wa gashi da kemo kawai. Wani ɓangare na bambancin ya zo ne daga cewa masu ciwo mafi muni su ake turawa wannan hanya. Duk da haka, ƙari babba da ya cika kogo ya ci ƙashi yana da tsakiya mai ƙarancin iska, haske kuma ba ya cin irin wannan wuri da kyau. Sannan barin ido a wurinsa ba shi ne barin gani ba. Jijiyar gani ba ta jure fiye da Gray 54 zuwa 55 ba tare da haɗari ba, ciwon kuwa yana neman 70, tsakaninsu wani lokaci bai kai faɗin yatsa ba. Yanar ido, bushewar ido mai raɗaɗi, da makanta a wannan gefe bayan shekara ɗaya ko biyu duk suna faruwa.

A nan nau'in na'ura yake da muhimmanci fiye da a yawancin cututtukan daji. Tsohuwar na'urar kobalt tana harba haske ta fuskoki biyu ko uku, tana aiki, ta kuma ceci mutane da yawa, amma ba ta iya lanƙwasa haske ya kauce wa jijiya. Sabuwar dabarar da ake kira IMRT, wadda ake yi da na'urar linak, tana sassaƙa hasken daidai siffar ƙarin, ta rage abin da ke kai wa ɗaya idon, da ƙwaƙwalwa, da gurbin yawu. Idan ciwon yana ƙasa wajen haƙora, bambancin bai kai a jinkirta magani dominsa ba. Idan yana manne da ido da gindin kai, ya cancanci a yi doguwar tafiya. Gashin furoton da na kabon, wasu nau'o'in gashi na musamman, irin wanda ake yi a Chiba ta Japan tun 1994 da Heidelberg ta Jamus tun 2009, ya fi wannan ma kaucewa, an fi neman sa ga adinoyid sistik da ba ya ciruwa. Tsadarsa da nisansa sun sa ba zan daɗe a kansa ba.

Hanyar Japan

Japanawa sun daɗe suna fama da wannan ciwo, suka kuma ɓullo da tasu dabara. A 1970 likita Sato da abokan aikinsa a Tokyo suka buga tsarin haɗa uku: ƙaramar tiyata ta buɗe kogon a riƙa kwashe ƙarin, gashi, da zuba 5-FU kai tsaye cikin jijiyar jinin da ke gaban kunne. Manufar ita ce a bar wa mutum fuskarsa. A shekarun 1990 likita Thomas Robbins a Amurka ya kawo wani salo: a zura siririn bututu ta jijiyar jinin matsematsi har zuwa jijiyar da take ciyar da ƙarin, a zuba sisplatin mai yawa a nan, a lokaci guda kuma a sa wani magani, sodiyam tayosalfet, ta jijiyar hannu don ya kashe dafin kafin ya isa ƙoda. Kogon kunci ya dace da wannan, domin kusan jijiya ɗaya ce take kai masa jini.

Da aka gwada shi a Holan a kan ciwon baki da maƙogwaro, sakamakon 2010 bai nuna ya fi kemo ta jijiyar hannu ba, sai Turai ta yi watsi da shi. Japan ta ci gaba da shi a kogon kunci, ƙarƙashin jagorancin likita Akihiro Homma na Jami'ar Hokkaido. A gwajinsu na cibiyoyi da yawa, masu T4a da ciwon bai kai wuya ba, ana zuba maganin mako-mako tare da Gray 70, fiye da kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Adadi ne mai kyau ƙwarai ga wannan mataki. Sai dai ba a kwatanta shi kai da kai da tiyata ba, matsalar ido a gefen ciwon ba ta ɓace ba, kuma yana buƙatar ƙwararren mai zura bututu kowane mako har sau bakwai, da haɗarin shanyewar ɓarin jiki idan bututun ya tayar da gudan jini. Ga mai halin zuwa inda suka saba yin sa, kuma tiyatarsa za ta ci ido, ya cancanci tambaya. A hannun wanda bai saba ba, ba na ba da shawararsa.

Wuya kuwa, kowace hanya aka bi sai an duba shi: kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake zuwa da kaluluwar da ciwon ya kama. Idan akwai, ana kwashe ta lokacin tiyata a gasa wurin. Idan babu, amma sikwamos ne na T3 ko T4, likitoci da yawa suna haɗa wuyan gefen cikin gashi don rigakafi.

Da ni ne zan zaɓa wa ɗan'uwana

Idan ciwon zai ciru kuma ido ba ya cikin haɗari, tiyata sannan gashi, ba tare da ɓata lokaci da kemo a gaba ba. Idan zai ciru amma sai da ido, kuma sikwamos ne, jikinsa da ƙodarsa da ƙarfi, zan nemi a zauna a tattauna zagaye biyu na kemo a sake hoto, da sharaɗin cewa idan bai ja baya ba mun yarda da aikin yadda ya zo. Mutum yana rayuwa da ido ɗaya, ya yi sallah, ya yi kasuwa, ya ga jikokinsa. Idan T4b ne, gashi da kemo a cibiyar da take da IMRT, wani lokaci da kemo a gaba don ƙarin ya janye daga jijiyar gani. Idan adinoyid sistik ne, tiyata da gashi, a kuma ci gaba da duba huhu shekaru masu yawa. Idan ciwon ya riga ya bazu, ko jiki ya yi rauni ƙwarai, gajeren gashi na mako ɗaya ko biyu yana tsayar da jini ya rage zafi, mofin kuma, maganin kashe zafi mai ƙarfi, halal ne ga mai raɗaɗi. Wannan ma magani ne, ba sallama ba ce.

Duk wannan hukunci ba na likita ɗaya ba ne. Ka tambaya ko likitan kunne da hanci da maƙogwaro, da na muƙamuƙi da fuska, da na gashi, da na ido sun zauna tare a kan hotunan. Asibitocin koyarwa su ne wurin wannan, ba ƙaramin asibitin da zai kankare abin da ya gani ya sallame ka ba, domin aikin farko shi ne dama mafi girma, na gyara ba ya kai shi. Cikin cibiyoyin da aka kafa sashen gashi akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da sabuwar cibiyar Katsina da aka buɗe a 2025. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi a 2021.

Na'ura kuwa, a kowace ƙasa take, tana iya tsayawa. Gashin da aka katse yana ba ciwon damar farfaɗowa, kowace rana da aka rasa tana rage damar warkewa. Don haka tambayoyin da za ka yi kafin ka biya su ne: yaushe za a fara, wace irin na'ura ce, idan ta tsaya ina ake tura mutane. Ka riƙe kwafin hotuna, da sakamakon nama, da bayanin tiyata a jakarka, kada ka bar su a fayil ɗin asibiti kawai.

Sai haƙora. Duk ruɓaɓɓen haƙorin da ke hanyar haske a cire shi aƙalla kwana goma zuwa mako biyu kafin gashi, domin cire shi bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashi da ba ta warkewa. Daga mako na uku baki yakan yi gyambo, ɗanɗano ya tafi, yawu ya kafe. A lokacin ne kunun gyaɗa da madara, da fura mai laushi, da ƙwai, da romo marar yaji suke zama magani, idan haɗiya ta gagara kuma a yarda da robar abinci ta hanci, kada rama ta sa a dakatar da gashi. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a rana. Sigari da taba a bar su gaba ɗaya, goro ma a ajiye shi har bakin ya warke. Tsokokin tauna suna ƙagewa bayan aiki da gashi, sai baki ya ƙi buɗuwa, murfin roba ya ƙi shiga. Maganin wannan motsa muƙamuƙi ne kullum, tun makonnin farko, ana jera 'yan katakan duba maƙogwaro tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya-ɗaya. Bayan an gama, a yi hoto wajen wata uku don ya zama ma'auni, a riƙa komawa duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, domin yawancin dawowar ciwon cikin shekara biyun farko take faruwa, kuma wanda aka kama da wuri wani lokaci yana sake ciruwa.